Ramukan da Gauraka Ya Hana a Ambata

An yi wani daji a bayan duwatsu, mai tafki ɗaya tal a tsakiyarsa. Dabbobin Tudu suna zaune gabas da tafkin, dabbobin Fadama kuma suna yamma. Shekara uku suka kwashe suna yaƙi a kan ruwan nan.

In ka tambayi mafarin faɗan, 'yan Fadama za su ce wani aladen daji ne daga Tudu ya yi birgima a inda suke sha. 'Yan Tudu kuma za su ce ai da ma ruwan a gurɓace yake. Shi dai aladen tun a watan farko ya mutu, ya bar su da aiki.

Da kowa ya gaji, kuma babu sauran samarin da za a tura, sai aka nemo mai sulhu daga nesa. Gauraka ne, dogo, mai tuntun gashi a ka, yana tafiya kamar ƙasa ba ta cancanci ƙafarsa ba. Gaskiya ya iya magana. Aibinsa ɗaya ne, bai taɓa jin muryar da ta yi masa daɗi kamar tasa ba.

A Tudu akwai wani tsohon namijin gafiya da ake kira Burgu. Haƙa rami ne sana'arsa, kuma sai ya yini bai ce uffan ba. Lokacin yaƙi shi aka sa, da samari talatin, suka haƙa ramuka tara a kan miƙaƙƙiyar hanyar da 'yan Fadama suke bi zuwa tafki. Ramuka ne masu zurfi da ƙunci, an kafa itatuwa masu tsini a ƙasansu, an rufe bakinsu da kara da ciyawa da ƙasa. In rami ya ci wani, sai a lallaɓa a sake rufe shi. Samarin nan talatin duk sun ƙare a yaƙin. Burgu kaɗai ya rage da ya san inda ramukan suke.

A Fadama kuma akwai Gada, wadda bakinta bai san hutu ba. Mijinta, Jatau, ya fita duba hanyar ruwa wata safiya a shekara ta biyu ta yaƙi, bai dawo ba. Ba a ga gawa ba, ba a ga sawu ba. Tun daga ranar duk wanda ya gaishe ta sai ya sami kasonsa na faɗa.

Ranar sulhu aka taru a gindin wata tsamiya. Gauraka ya yi jawabi tun hantsi har azahar. Wasu suka yi barci suka farka, suka tarar bai wuce gabatarwa ba. Daga ƙarshe ya kafa doka.

"Daga yau an yafe, an manta," in ji shi. "Ba a yi yaƙi ba. Duk wanda ya ambaci abin da ya wuce, ko da baki ko da wutsiya, za a hana shi ruwan tafki kwana uku. In ya sake, an hana shi har abada. Ga Hankaka nan, shi ne idon doka."

Hankaka ya gyara tsayuwa, ya turo farin ƙirjinsa gaba. Shi ba mugu ba ne. Abin da aka ce masa dai shi yake yi, ba ragi ba ƙari.

"Sannan," in ji Gauraka, "kowane ɗan Tudu za a haɗa shi da ɗan Fadama ɗaya, ya zama abokin gaisuwarsa. Kullum da safe a je a gaisa, a yi murmushi."

Sai Burgu ya ɗaga hannu. Mutanen Tudu suka juyo, don wasunsu ba su taɓa jin muryarsa ba.

"Ranka ya daɗe, akwai wata 'yar magana game da hanyar tafki."

"Ta da ce ko ta yanzu?"

"Ta da ce, amma tana nan."

"In ta da ce, babu ita," in ji Gauraka. "A yi addu'a a tashi."

Aka yi addu'a aka tashi. Da aka zo haɗa abokan gaisuwa, rabo ya haɗa Burgu da Gada.

A wata na biyu bayan sulhu wani Kanki mai gaggawa ya bi miƙaƙƙiyar hanya zuwa tafki. Aka ji ƙasa ta burma, aka ji ihu sau ɗaya, shi ke nan. Danginsa suka tsaya daga nesa suna kuka. Hankaka ya sauko ya tambaye su abin da ya faru. Suka dubi juna, suka tuna da doka, suka ce ɗan'uwansu tuntuɓe ya yi.

Aka kai wa Gauraka labari. Ya yi ta'aziyya mai tsawo, sannan ya sa tsuntsaye suka ɗebo kara da ciyawa suka rufe bakin ramin, domin a cewarsa buɗaɗɗen wuri irin wannan yana tayar wa jama'a da hankali.

Daga nan kowa ya koma bin doguwar hanyar da ta zagaye dutse, tafiyar rabin yini. In aka tambayi wani dalili, sai ya ce yana son motsa jiki ne. Har Kunkuru haka ya ce.

Abin ya dami Burgu ƙwarai. Abinci ya daina yi masa daɗi. Wata safiya ya je bakin rami na farko, ya ɗaga ciyawar gefe, ya fara tura ƙasa a ciki. Bai yi nisa ba sai ga Hankaka a kan reshe.

"Malam Burgu, me kake cikewa?"

"Ba komai."

"Ana cike ba komai ne? In kana cikewa, akwai rami ke nan. In akwai rami, wani ya haƙa shi. Yaushe aka haƙa shi?"

Burgu ya dubi ƙasar da ke hannunsa.

"Ka ambata da hannu," in ji Hankaka. "Kwana uku. Ka yi haƙuri, ni ma aikina nake yi."

Kwana ukun nan Burgu ya yi su yana lasar raɓa a ganye. Ya fito ya rame, idanunsa sun faɗa. Yanzu ya san matsayinsa. In ya sake ko da kalma ɗaya, an raba shi da ruwa har abada, kuma tsoho irinsa ba ya kai mako guda a rani ba tare da ruwa ba.

Ga kuma Gada. Gidanta yana daidai bakin miƙaƙƙiyar hanyar, kusa da wata aduwa, kuma gwiwarta ta fara ciwo saboda zagayen dutse. Kullum in Burgu ya zo gaisuwa sai ya tarar tana hararar hanyar.

"Ina kwana, baiwar Allah."

"Lafiya. Ka yi murmushinka ka tafi. Ni yau ta nan zan bi, gwiwata ta gaji da motsa jiki."

Sai Burgu ya je ya zauna a tsakiyar hanyar.

"Akwai tururuwa a gaba," in ji shi.

Washegari ya ce ya ga sawun maciji. Rana ta uku ya ce ya yi mummunan mafarki. Rana ta huɗu ƙarya ta ƙare masa, don bai saba ba, sai kawai ya zauna ya zuba mata ido.

"Malam Burgu," in ji Gada, "in sona kake yi ka faɗa, sai in ba ka amsa ka huta. Amsar a'a ce."

"To."

"Ni matar aure ce. Maigidana tafiya ya yi, tunda haka aka ce mu riƙa cewa. In ka gamu da shi a yawonka za ka gane shi. Ƙahonsa na hagu a karye yake, kuma kunnensa na dama a tsage."

Burgu ya tashi daga tsakiyar hanyar. Ya san ƙahon nan, ya san kunnen nan. Shi da hannunsa ya sake rufe rami na uku a kansu. Ya yi sallama ya tafi, bai ci komai ba ranar. Amma washegari ya dawo ya zauna a tsakiyar hanya, haka kuma kullum har shekara ta zagayo.

Ana nan sai labarin sulhun ya kai wani daji mai nisa, inda su ma suka gama nasu yaƙin. Suka aiko Shamuwa uku su zo su ga yadda aka yi. Gauraka ya kasa zaune ya kasa tsaye don murna. Ya riga ya fara tunanin dazuzzukan da za su riƙa aiko masa da gayyata.

Ya zagaya da baƙin ko'ina. Suka ga ana gaisuwa, suka ga ana murmushi. Sai babbar cikinsu ta tsaya a gindin aduwa.

"Ranka ya daɗe, ga hanya miƙaƙƙiya har tafki. Me ya sa ciyawa ta cinye ta?"

Gauraka ya yi dariya, amma cikinsa bai yi ba. A ranar ya sa aka yi shela cewa gobe za a yi jerin gwano ta miƙaƙƙiyar hanya, kowa da abokin gaisuwarsa, don a cika shekara guda da zaman lafiya. Ya ce ƙin bin hanyar ma wani nau'i ne na tuna abin da ya wuce. Ya kuma ce Gada ce za ta shige gaba, domin baƙi su ga yadda mai babban rashi ta manta sarai.

"Ban manta komai ba," in ji Gada, da Hankaka ya kawo mata saƙo. "Amma gwiwata ta amince."

Da hantsi aka taru a gindin aduwa. Aka rataya wa Gada furanni a wuya, ta cinye rabinsu kafin a gama jawabi. Burgu yana gefenta. Gauraka da baƙinsa suna bayansu, sauran dabbobi kuma suna can baya, kowa yana ƙoƙarin ba ɗan'uwansa hanya ya wuce gaba. Ba a taɓa ganin ladabi irin na ranar ba.

Aka fara tafiya. Burgu yana ƙirga taku a zuci. Daga aduwa zuwa rami na farko taku arba'in ne irin nasa. A taku na goma ya tuna da ƙishirwar kwana ukun nan. A na ashirin ya ce wa kansa watakila karan ya yi ƙarfi, watakila ta tsallake. A na talatin ya dubi ƙafarta mai ɗingishi. A na talatin da biyar ya tsaya.

"Tsaya, baiwar Allah."

"Yau kuma tururuwa ce ko maciji?"

"Rami ne. Taku biyar a gabanki. Akwai itatuwa masu tsini a ciki. Ni na haƙa shi, lokacin yaƙi. Akwai wasu takwas."

Shekara guda ke nan ba a ji kalmar yaƙi a fili ba, har wani Zomo ya toshe kunnuwansa don kada a ce da shi aka yi.

Hankaka ya sauko a hankali.

"Karo na biyu ke nan, Malam Burgu. Har abada."

"Na sani," in ji Burgu.

Gauraka ya juya wajen baƙi yana murmushi. "Tsufa ne. Ku yi masa uzuri. Bari in nuna muku da kaina."

Ya wuce Gada, ya miƙe wuya, ya taka kan rami na farko. Da yake tsuntsu ne marar nauyi, karan ya ɗan lanƙwasa amma bai karye ba. Ya wuce na biyu, ya wuce na uku. Ya juyo yana duban jama'a.

"Kun gani? Ina abin yake?"

"Ranka ya daɗe," in ji Burgu, "ka ɗan karkata hagu."

"Mai sulhu ba ya karkata."

Ya ƙara gaba kaɗan, ya tsaya. Ku da kuka taɓa ganin gauraka cikin nishaɗi kun san halinsa, sai ya yi rawa. Ya buɗe fukafukai, ya yi tsalle ya dira. Ya sake tsalle ya dira.

"Ba nan ba, ranka ya daɗe," in ji Burgu. "Wannan shi ne na huɗu, shi ya fi zurfi."

A tsalle na uku ƙasa ta buɗe. Aka ga fukafukai, aka ga tuntu, sai aka daina ganin komai.

Ramarsa ce ta cece shi, don an kafa itatuwan ne saboda masu ƙafa huɗu. Ɗaya ya huda masa fiffike, ɗaya ya kwashe rabin tuntun kansa. Ramin kuma ya yi ƙunci, ba halin buɗe fiffike balle tashi.

"Ku fitar da ni daga ramin nan!"

Hankaka ya tashi ya sauka a bakin wurin, ya leƙa.

"Wane rami, ranka ya daɗe?"

"Wannan da nake ciki mana!"

"Ranka ya daɗe, tuntuɓe ka yi. Amma tunda ka ambata, kwana uku ne. In ka sake, ka san sauran. In kana so, sai in kira tsuntsaye mu rufe wurin da ciyawa, kada hankalin jama'a ya tashi."

Baƙin nan uku suka zo suka leƙa su ma, suka yi masa sannu. Suka gwada jan sa da baki, suka kasa. Aka ga dai sai an kawo Ɓauna da igiya. Ɓauna kuwa ya dubi hanyar, ya dubi ƙafafunsa, ya ce ba inda za shi sai an nuna masa inda zai taka.

"To, sai ka bi ta gefen hanya, cikin ciyawa," in ji wani.

"Kada ya bi," in ji Gada. Ba ta ƙara komai ba, kuma wannan ne karon farko da aka ji ta yi gajeriyar magana.

Rana ta take. Gauraka ya yi ta kiran Burgu ya nuna hanya. Burgu ya ce shi an riga an yanke masa hukunci, amma duk wanda ya bi bayansa ya ambata da ƙafa, kuma ba zai ja wa kowa ƙishirwa ba. Can muryar Gauraka ta fito a shaƙe.

"Na janye dokar."

"Ba mu ji ba," in ji Gada.

"Na janye dokar!"

"'Yan Tudu suna can baya. Su ma a faɗa musu. A kuma faɗa musu ko an yi yaƙi ko ba a yi ba."

"An yi yaƙi," in ji Gauraka. "Shekara uku. Don Allah ku zo."

Sai Burgu ya ɗebo tsinke ya shige gaba. Ya kafa ɗaya a kowace kusurwa ta rami na farko, zai wuce, Gada ta tare shi.

"Wa ke ciki?"

"Wani Mariri. Da wata Barewa mai ciki."

Daga cikin taron wata tsohuwar Barewa ta fashe da kuka. Shekara uku tana zaton 'yarta guduwa ta yi ta bar ta. Aka tsaya har ta yi shiru.

A rami na biyu Burgu ya kafa tsinke ya ce Kankin bara ne a ciki, shi da wani kawunsa tun na lokacin yaƙi.

"A taƙaita mana," in ji Gauraka daga ƙasa. "Rana tana dukana."

"Shekara guda kana jawabi, ba wanda ya ce ka taƙaita," in ji Gada. "Ci gaba, Malam Burgu."

Suka isa na uku. Burgu ya kafa tsinke huɗu, ya gyara su, ya sake gyara su, duk da ba abin da ya same su.

"Wa ke ciki?"

"Guda ɗaya ne."

"Na ce wa ke ciki?"

"Ƙahonsa na hagu a karye. Kunnensa na dama a tsage." Burgu bai ɗaga kai ba. "Ni na haƙa. Ni na sake rufewa. Tun ranar da kika kwatanta mini shi na sani."

Gada ta tsaya tana duban ciyawar da ke kan ramin. Daga nan ana hango aduwar ƙofar gidanta. Shekara biyu da rabi tana sauraron motsinsa daga kowace kusurwa ta duniya, ashe yana nan inda in ta ɗaga murya za ta kai. Ta durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ta daɗe. Ba wanda ya yi magana, har Gauraka.

Da ta miƙe, ta wuce Burgu ba ta dube shi ba. Rami na uku ya cinye faɗin hanyar, dole Ɓauna ya ratse ta cikin ciyawa. Burgu ya sa ƙafa zai gwada wurin.

"Janye ƙafarka," in ji Gada.

Ta sa kofato ta ɗaga ciyawar. Sai ga zarge na waya, irin wadda ake satowa daga shingen gonakin mutane, ta yi tsatsa amma tana nan a ɗane.

"Akwai goma sha biyu a gefen hanyar nan," in ji ta. "Bayan Jatau ya ɓata, muka lura gafiyoyi suna zuwa nan da sassafe. Ba mu san me suke yi ba. Ni na bi sawunsu, ni na nuna inda za a ɗana."

Burgu ya daɗe yana duban wayar.

"Matata Yalwa takan kawo mana abinci a nan," in ji shi. "Wata rana ba ta iso ba."

"Tana da farin tabo a wutsiya?"

"Tana da shi."

"Na biyar ne ya kama ta, can gindin geza. Mun binne ta a wurin. Zan nuna maka."

Ba su rungumi juna ba, kada in yi muku ƙarya. Shi ya ci gaba da kafa tsinke, ita tana tone waya, Ɓauna yana biye yana taka inda suka taka. Sai bayan la'asar aka zura igiya aka jawo Gauraka. Ya fito fiffike a saɓule, tuntu rabi, ya buɗe baki zai yi jawabin godiya. Ɓauna ya ce igiyar tana nan in yana son komawa.

Baƙin nan uku suka yi shawara a gefe. Babbarsu ta wuce Gauraka, ta je wajen Burgu da Gada.

"Mu ma akwai irin hanyar nan a dajinmu," in ji ta. "Tsinke nawa kuke kafawa a kowane rami?"

Gauraka ya yi jinyar wata guda a gindin tsamiya. Ana kai masa ruwa, don ba wanda ya ga amfanin hukunta shi da dokar da ta mutu. Da fiffikensa ya warke ya tashi ya tafi, ba a yi masa rakiya ba. Hankaka kuwa aka ba shi sabon aiki, ya riƙa zama a kan tsinken ramuka yana gargaɗin masu wucewa, kuma ya yi shi ba ragi ba ƙari.

Cike ramukan ya ci rani guda cur. 'Yan Tudu da 'yan Fadama suka riƙa jidar ƙasa tare. Ba murmushi ake yi ba. Wani lokaci a yi cacar baki, wani lokaci wani ya ajiye ƙasarsa ya koma gefe ya yi kuka. Kafin a cike kowane rami sai an faɗi sunayen waɗanda ke ciki, danginsu su fara zuba ƙasa. A rami na uku Gada ta zuba ta farko, sannan ta matsa ta ce wa Burgu ya zuba ta biyu. A gindin geza kuma shi ya ɗora dutse na farko, ita ta turo na biyu da goshi.

Wata yamma, saura rami biyu a gama, suna zaune a bakin hanya sun yi buɗu-buɗu da ƙasa, Burgu ya yi gyaran murya.

"Baiwar Allah, kin yafe mini?"

"Ban sani ba tukuna. Kai fa?"

"Ni ma ban sani ba."

"To, gobe da sassafe. Kada ka makara." Ta miƙe tana ɗingishi. "Ƙishirwa nake ji. Shige gaba."

Burgu ya shige gaba a kan miƙaƙƙiyar hanya, Gada tana biye, tana sa ƙafarta daidai inda ya ɗauke tasa, har suka isa ruwa.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, hana magana ba ya cike rami. In faɗa ya ƙare, abin da aka binne lokacinsa yana nan yana jiran ƙafar wani, kuma ba mai iya nuna wurin sai wanda ya binne. Don haka a ba shi dama ya faɗa, a ba wanda aka cuta dama ya ji, ko da yafiya za ta makara. Mai sulhun kuma da ya fi son a yabe shi a kan ya saurari mutane, ya riƙa duba inda yake rawa.